Me ya sa daddawata ke lalacewa?

Wata baiwar Allah da ke zaune a gidan haya a Kano, shekararta uku da aure, ta aiko da tambaya. Likita ya ce maigidanta ya rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda hawan jini. Ta so ta koma wa daddawa, amma ta kasuwa gishiri ya yi mata yawa, wani lokacin har da yashi, sai ta sayi kalwa ta gwada yi da kanta. Karon farko ta zuba dafaffiyar kalwar a bokitin roba ta rufe ruf, bayan kwana uku ta tarar ta yi tsami, ƙwayoyin kuma da tauri. Karo na biyu ta nuna, amma wajen shanya ta yi tsutsa. Yanzu an ce mata wai ba ta da hannun daddawa. Tana so ta san ko da gaske akwai hannun da ba ya yi, in kuwa babu, ina kuskurenta yake, sannan ko daddawa kaɗai za ta iya riƙe miya.

'Yata, Allah ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Ki fara cire maganar hannu daga ranki. Tun ina yarinya nake jin ta, a gidan kakata a wani ƙauye na ƙasar Zazzau inda na koyi wannan aiki, yau fiye da shekara talatin ke nan ina yinsa. Abin da tsofaffi ke kira hannu na gan shi da idona. Tsohuwar ƙwarya ce da aka daɗe ana daddawa a cikinta, da lungun bayan murhu da ba ya rabuwa da ɗumi, da yatsun da suka san lokacin da kalwa ta dahu. Duk matar da ta sami waɗannan, tata za ta yi. Kuskurenki guda uku ne, kuma daga bayanin da kika yi na gane su, amma sai kin san abin da ke faruwa a cikin ƙwaryar nan kafin gyaran ya zauna miki.

Ɗanyar kalwa ba ta ciwuwa. Tauri gare ta kamar tsakuwa, ko an dafa ta kuma ba ta da wani ɗanɗanon kirki. Masu mayar da ita daddawa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis. Suna nan a jikin ƙwarya, da ganye, da buhu, da ƙurar tsakar gida. In suka sami dafaffiyar kalwa mai ɗumi sai su hayayyafa a kanta, su riƙa farfasa furotin ɗin da ke cikinta zuwa ƙananan sinadarai. Ɗaya daga cikin waɗannan shi ne gulutamet, wanda ke ba miya wannan garɗin da ke sa mutum ya ƙara loma. Shi ne dai sinadarin da wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya tace daga ciyawar teku a 1908, daga nan aka fara yin farin magi a masana'anta. Wato abin da kike nema a dunƙule yana cikin daddawa tun asali, shi ya sa kakanninmu ba su taɓa jin miyarsu ta rasa komai ba. Mutanen Japan ɗin ma da irin wannan bakteriya suke sarrafa waken suya su yi abincinsu da suke kira natto. Nan kusa da mu Yarbawa na ce wa tasu iru, mutanen Mali da Burkina Faso sumbala, na Senegal netetu, a arewacin Ghana kuwa dawadawa, duk daga ɗorawa.

Waɗannan ƙwayoyi abu uku suke so, ɗumi da iska da danshi daidai gwargwado. Iskar nan ita ce bokitinki ya hana su. Kin saba da kindirmo da gasarar koko, waɗanda ake rufewa su yi tsami, to masu yin wannan aikin wasu ƙwayoyi ne daban da ba su damu da iska ba. Daddawa kuwa hanyarta ta saɓa wa tasu, in tana nuna ɓangaren kanwa take karkata, shi ya sa take fitar da warin nan mai hawa hanci. Duk daddawar da ta yi tsami, masu yin tsamin ne suka rinjayi masu yin daddawar. Roba ba ta numfashi. Tururin kalwar ya hau murfi ya koma ruwa, ya ɗiga ya taru a ƙasa, kalwar ta kwana cikin ruwa ba iska, ta kuma huce da wuri. Taurin ƙwayoyin kuma yana gaya mini dahuwa ta biyu ba ta kai ba, ko ma ba ki yi ta ba sam.

Bari mu ɗauko aikin daga farko, da mudu ɗaya, kada ki wuce haka sai kin ƙware. Kada kuma ki yi ƙasa da rabin mudu, domin ɗan kaɗan ba ya iya riƙe zafin kansa.

Ɗorawa na nuna ne da bazara, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, a lokacin ne sabuwar kalwa ke shigowa kasuwa, ta fi arha kuma ta fi saurin dahuwa. Ki zaɓi mai sheƙi, wadda ƙwaro bai huda ba. Ki tsince ta, ki zuba a ruwa, duk wadda ta taso sama ki kwashe ki zubar, ki wanke ragowar garin ɗorawar da ya manne mata, ki rege tsakuwa kamar yadda ake wa shinkafar gida. Yashin da kike ji a ta kasuwa daga nan yake farawa. Sai ki jiƙa ta ta kwana, hakan na rage miki itace.

Dahuwar farko ita ce mai cin rai. A kan itace tana ɗaukar awa 12, tsohuwar kalwa ma har ta wuce haka. A gidanmu da la'asar ake ɗora tukunyar, a tura mata manyan guma-gumai, a kwana ana ƙara ruwa, sai hantsi a sauke. A nan na fara gane abin da ake nufi da mai haƙuri yakan dafa dutse. Ruwan ya riƙa shan kan kalwar koyaushe, kuma in za ki ƙara, ki ƙara mai zafi. Kada ki yi wannan a kan gas, kuɗin zai fi na daddawar. Ki nemi gawayi, ko kuma in kina da tukunyar nan mai matse tururi da ake ce wa firesha, awa biyu za su yi miki aikin dare guda. Ba agogo za ki bi ba dai. Ki tsamo ƙwaya biyar, ki murza kowacce tsakanin babban yatsa da manuni. In baƙin ɓawon ya saɓule, cikin ya rabe biyu, ta yi. In huɗu sun saɓule ɗaya ta ƙi, ki ƙara mata lokaci.

Daga nan sai surfe. Ki tsane ruwan, ki bari ta sha iska har hannu ya iya taɓawa, ki zuba a turmi ki riƙa bugawa a hankali. Ɓawon kawai ake so ya fita, ba daka ake yi ba. Tsofaffi kan zuba ɗan yashi ko toka don ya taimaka wajen gurzawa. Toka na yarda da ita, yashi kuwa ban ba ki shawararsa ba, don wanke shi tas sai wanda ya saba. Mudu ɗaya ma da tafin hannu za ki iya murje shi a cikin babbar roba. Sai wanki, ruwa bayan ruwa, ɓawon na tasowa kina tsiyayewa ta gwagwa, har sai abin da ya rage ya zama fes, launin ƙasa-ƙasa mai haske. Ki zauna ki tsince masu taurin kan da suka ƙi saɓulewa, ki ware su. Su ne baƙaƙen abubuwan nan masu tauri da haƙori ke karo da su a miya.

Dahuwa ta biyu awa ɗaya ce zuwa biyu, da sabon ruwa. Ana so in kin matsa ƙwaya da yatsa ta murƙushe kamar dafaffen wake, amma ba ta dame ta zama fate ba. Da yawa kan jefa kanwa a nan don ta yi saurin laushi. Ke kada ki sa. Kanwa ma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda likita ke so maigidanki ya rage, kuma mutane da yawa ba su san haka ba, sai su daina gishiri su ci gaba da zuba kanwa a wake da miya. Ki ƙara wa tukunyar rabin awa, za ta yi laushin ba tare da ita ba. Gishiri kuwa ko ƙwaya kada ya shiga a wannan mataki, yana danne ƙwayoyin da kike so su yi aiki.

Yanzu ga wurin da daddawa ke yi ko ta ƙi. Kafin ki sauke tukunya, komai ya zama a shirye, babbar ƙwarya ko kwandon kaba wankakke busasshe, da ganyen ayaba da aka goge aka shimfiɗa a ciki, da tsabtataccen farin ƙyalle, da buhun algarara biyu ko tsofaffin zannuwa masu kauri. Ki juye kalwar a gwagwa, ki girgiza har ruwa ya daina ɗiga. Minti biyu zuwa uku sun isa, kada ki tafi wani aiki ki bar ta ta huce. Tana tururi za ki juye ta a ƙwaryar, ki baje da ludayi, kaurinta kamar faɗin yatsu huɗu. In ta fi haka tsakiyar ba za ta sami iska ba, in ta gaza kuma za ta yi sanyi. Kada ki danna ta. Ki lulluɓe da ganye, ki ɗora ƙyallen don ya tsotse tururi, ki kife faifai a kai, sannan ki nannaɗe duka da buhunan, ƙasa da sama, kamar yadda ake naɗe jariri da hunturu.

Ƙwaryarki sabuwa ce, ba ta da abin da ta kakata ke da shi. An ce da tsohuwar zuma ake magani, to a nan ma haka ne. Ki nemi daddawa mai kyau wadda kika yarda da ƙamshinta, ki gutsuri kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, ki murƙushe ta zama gari, ki barbaɗa a kan kalwar tana da zafi, ki juya. Daidai yake da ɗan tsohon nonon da ake zuba wa madara don ta kwana ta zama kindirmo. Kada ki ji tsoron zafin zai kashe su. Irin wannan bakteriya na da ƙwayar iri mai jure zafi ƙwarai, zafin ma amfani yake mata, domin yana kawar da abokan takararta ya bar mata fili. Bayan kin gama, ki ɗauraye ƙwaryar da ruwan zafi kawai ba sabulu, ki shanya ta a rana, ki keɓe ta don wannan aiki. In kin yi daddawa sau biyu a cikinta, a karo na uku ba za ki buƙaci barbaɗa komai ba.

Ki ajiye ta inda iska ba ta kaɗawa, kuma kada ki ɗora a kan siminti ko tayil, suna zuƙe zafi. Ki sa katako ko buhu a ƙasa. Abin da ake nema ɗumi ne na wajen digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, wato ɗan sama da ɗumin jikin mutum. Washegari da yamma ki cusa hannu ƙarƙashin buhun ba tare da kin buɗe ba. In kin ji gindin ƙwaryar da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi, alhali zafin wuta ya daɗe da tafiya, to aiki ya kankama, ƙwayoyin ne ke haifar da wannan zafin da kansu. Har yau in na sa hannu na ji shi sai raina ya yi fari. In kuwa kin ji sanyi ƙalau, ki ƙara lulluɓi, ki cika kwalba biyu da ruwan zafi ki jingina a gefenta. Da bazara kwana biyu sun isa. Da hunturu sai uku, wani lokacin huɗu. Kada ki riƙa buɗewa kina leƙe, kowace buɗewa zafi ne ke tafiya.

Ranar buɗewa, wadda ta yi za ki ga launinta ya koma ruwan ƙasa mai duhu, da wani ɗan fari-fari ko toka-toka kwance a samanta, kamar an barbaɗa gari. Wannan ba lalacewa ba ce. In kin ɗebo da cokali za ta yi yauƙi tana jan zare, ƙwayar kuma ta narke a yatsa kamar man shanu. Warin zai bugi hancinki har ido ya kawo ruwa, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙamshin da kika sani. Wadda za ki zubar ba tare da jayayya ba ita ce mai funfuna kore, ko baƙa mai gashi-gashi, ko mai ɗigon ja ko ruwan ɗorawa, da mai tsami, da mai warin ruɓaɓɓen nama. Kada ki kwashe saman ki ci ƙasan. Wasu nau'in funfunar na barin guba mai lahani ga hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta. Asarar mudu ɗaya ta fi sauƙi.

Tunda gidan haya kike, ki gaya wa maƙwabtanki ranar da za ki buɗe, in ta bushe kuma ki aika wa kowa da tasa. Warin kwana biyu ne, yana raguwa da zarar rana ta bugi daddawar.

Tsutsar karo na biyu ƙuda ne ya kawo ta, ba daga cikin kalwar ta fito ba. Ɗanyar daddawa na kiran ƙudaje daga nesa, su yi ƙwai a kanta, cikin kwana ɗaya ƙwan ya ƙyanƙyashe. Masu sayarwa da gishiri suke kare tasu, shi ya sa kika ji ta kasuwa ta yi miki yawa, ga shi kuma gishiri na ƙara nauyi. Ke da ba za ki dogara da gishiri ba, rana da lulluɓi ne makamanki. Ki buɗe ta da safe, ranar da gari ya waye garau, kada ki buɗe da yamma. Ki baje ta siriri a faranti ko faifai, ki rufe da yankin gidan sauro mai tsabta, ki ɗaga shi da 'yan sanduna don kada ya taɓa ta, ki danne gefunan da duwatsu. In ta wuni ta sha rana, danƙon ya ragu, sai ki kirɓa ta a turmi ta haɗe. Ki shafa ɗan man gyaɗa a tafin hannu, ki mulmula ƙanana, ki latse su su yi faɗi, kaurinsu kada ya wuce na ƙaramin yatsa. Masu kauri waje ke bushewa ciki na ɗanye, bayan mako biyu ki fasa ki tarar da funfuna. Ki ci gaba da shanya kwana uku zuwa biyar kina juyawa, kina shigar da su ɗaki kafin magariba saboda raɓa. Za su yi baƙi, su yi tauri. Wadda ta bushe in kin karya ta ɓallewa take da ƙara, ba ta lanƙwasa. Saboda wannan shanyar ne nake ce wa mata su yi daddawar shekara tun kafin ruwa ya sauka. A watan Agusta rana ba ta da tabbas, wahalar ta ninka.

Busasshiya in ta shiga kwalba mai murfi, wadda ba danshi a cikinta, tana kai wata shida har fiye. Duk wata ki fito da ita ta sha rana wuni guda. Ki daka wadda za ta ishe ki mako biyu kawai, domin gari ya fi saurin jan danshi da rasa ƙamshi. Ɗanya ta fi daɗi a miyar ganye, ana iya ƙulla ta ƙanana a sa a firiza, amma sai in wutarku tsayayya ce.

In kalwa ta yi tsada, waken suya na yi. Ki ɗan soya shi sama-sama ba mai, ki ɓarza, ki sheƙe ɓawon, ki dafa awa biyu zuwa uku har ya yi laushi, sauran aikin duk ɗaya ne. Ƙamshinsa bai kai na kalwa zurfi ba, ni dai ban fifita shi ba, amma ya fi sauƙin koyo, kuma ba laifi ki fara gwada hannunki da shi. Daddawar batso da ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, wadda mutanen Nijar da Sakkwato da Katsina suka fi mu sani, aikinta daban ne, ki bar ta sai gaba. Tsadar kalwar ma tana da dalili. Itacen ɗorawa na shekaru kafin ya fara 'ya'ya, ga masu gawayi na sare manya, ba a kuma dasa sababbi yadda ya kamata. In kuna da gona a gida, ku bar wadda ke ciki ta tsaya, ku ƙara wata.

Saura tambayarki ta ƙarshe. E, daddawa na riƙe miya, amma sai an san yadda ake sa ta, kuma tana son abokan tafiya. Kuskuren da na fi gani shi ne a barbaɗa ta a ƙarshe kamar dunƙule, sai miya ta fito da wari, maigida ya ture kwano. Daddawa da farko take shiga, ta daɗe tana tafasa har warin ya tashi ya bar garɗin. Abokin tafiyarta na farko busasshen kifi ne ko nama. Akwai wani sinadari a cikinsu wanda in ya haɗu da gulutamet, ɗanɗanon ba ƙaruwa kawai yake ba, ninkuwa yake yi. Wannan sananne ne a wurin masana abinci, iyayenmu kuma da harshe suka gano shi, shi ya sa ba su raba daddawa da kifi banda. Kauɗar tumatir ma na ɗauke da gulutamet mai yawa, ki yanka tumatir ki shanya da kanki lokacin da ya yi arha da rani, a ƙarƙashin gidan sauron nan dai, ba a ƙasa ba.

Ki gwada da miyar kuka, don ita ce ba ta ɓoye aibin mai girki. Ta mutum huɗu, ki ɗora ruwa lita ɗaya da rabi. Ki daka daddawa cokali biyu manya tare da albasa ɗaya, da barkono daidai bakinku, da ɗan yankin citta, da masoro kaɗan, da tafarnuwa ƙwaya biyu, ki zuba tun ruwan bai tafasa ba. Ki gyara kifi banda, ki cire ƙaya, ki wanke da ruwan zafi ki sa. Ki rufe ki bar su su yi ta tafasa rabin awa, har ruwan ya ragu ya koma launin shayi mai kauri, ƙamshin ya canza. Za ki ji canjin da hancinki daga tsakar gida. A nan ne za ki ɗanɗana, a nan ne kuma za ki sa gishiri, ɗan kaɗan da bakin ƙaramin cokali, domin romon da ya ji daddawa da kifi ba ya neman gishiri da yawa. Ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗayan, cokali uku zuwa huɗu, har ta yi kaurin da kike so. Minti biyar a buɗe, ki sauke. Ki soya man shanu da 'yar albasa, ki zuba cokali ɗaya a kan tuwon dawa ko na masara. Haka za ki yi wa busasshiyar kuɓewa da karkashi. A dafa-duka da faten wake kuwa, ki fara soya daddawar a mai tare da albasa minti biyu kafin ki tsaida ruwa.

Ki kuma yi yajin daddawa ki ajiye, zai rufa miki asiri ranar garau-garau da ɗan wake. Busasshen barkono gwangwanin madara biyu, garin daddawa gwangwani ɗaya, ƙuli-ƙuli gwangwani ɗaya, busasshiyar citta rabin gwangwani, kanumfari da masoro cokali ɗaiɗai, kimba biyu da aka cire wa 'ya'ya. Ki shanya su duka su yi ƙaras, ki ɗan gasa daddawar a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, ki daka, ki tankaɗe. Ƙuli-ƙulin ki ɗanɗana shi tukuna, in mai ɗaci ne ko yana warin daɗewa kada ki sa. Ki bar yajin ba gishiri, mai so ya ƙara a kwanonsa.

Kada ki janye dunƙulen rana ɗaya. Harshen da ya saba da shi zai ji miya salam a makon farko, daga nan a fara ƙorafi, ki karaya. In huɗu kike sawa ki koma biyu na mako biyu, sannan ɗaya, kina ƙara daddawa da kifi da kayan ƙamshi, cikin wata ɗaya zuwa biyu baki zai saba har tsohuwar miyar ta riƙa yi muku gishiri. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da taliyar yara da kilishi da tsire. Ki auna cokalin nan da safe ki zuba a ɗan murfi, duk girkin da maigida zai ci a wunin daga ciki za ki ɗiba masa, ki kuma yi ƙoƙari ya yi saura. Daddawa ba maganin hawan jini ba ce, ko da kin ji ana faɗa. Amfaninta shi ne ta sa abinci mai ƙarancin gishiri ya ciwu da daɗi. Ya ci gaba da shan maganinsa yadda aka rubuta masa, yana zuwa awo, in ya koma asibiti kuma ya gaya wa likita canjin da kuka yi a girki.

In kin sake gwadawa, ki rubuta lokacin da kika ɗora tukunya, da lokacin da kika lulluɓe, da abin da hannunki ya ji a ƙarƙashin buhu washegari. In wani abu ya sake karkacewa, ki aiko mini da waɗannan ukun, daga su zan gane inda za mu gyara. Allah ya sa albarka.